Yadda Ake Zaɓen Furosesa da Katin Girafik don Wasan Gem da Tace Bidiyo

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da katin girafik, wato abin da ke zana hoton da ake gani a monita, su ne suke cinye mafi yawan kuɗin kwamfutar da aka haɗa don gem ko tace bidiyo, kuma a nan sabon shiga ya fi yin asara. Dalili kuwa shi ne da suna yake zuwa kasuwa: furosesan Intel i7 nake so, katin Nvidia RTX nake so. Alhali i7 na shekarar 2013 yana nan ana sayarwa, i5 na 2022 kuma ya yi masa fintinkau. Abubuwa uku ne ya kamata su yanke maka hukunci: monitar da za ka kalla, irin fayil ɗin da kyamararka take fitarwa, da wutar da kake samu a gida ko shago. Idan ka san waɗannan, jerin kayan da suka dace da kai zai ragu zuwa biyu ko uku.

Abubuwan da za ka tanada

- Filash mai 16GB, ka zuba masa waɗannan manhajoji na kyauta: CPU-Z, GPU-Z, HWiNFO64, Cinebench, FurMark, MSI Afterburner da MediaInfo.
- Guntun bidiyo na minti biyu ko uku daga ainihin kyamara ko wayar da kake aiki da ita, ba wanda aka turo ta WhatsApp ba, domin WhatsApp yana matse bidiyo ya canja shi.
- Tef na awo, don auna tsawon wurin kati a cikin kes.
- Sukudireba mai baki huɗu da tocila.
- Man da ake shafa wa kan furosesa don ɗauke zafi, irin su Arctic MX-4.
- Takarda da za ka rubuta iyakar kuɗinka, ka ware na fawa safulai, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, da na RAM, wato ma'adanar aiki ta wucin gadi, tun kafin ka fara ciniki.

Mataki na 1: Fara da monita da wasannin da kake bugawa

Duba lambobi biyu a jikin monitarka ko a saitin Windows: girman hoto da saurin sabuntawa. Hoton 1080p yana da ɗigo kusan miliyan 2.07, na 1440p miliyan 3.69, na 4K miliyan 8.29. Kati ne yake zana kowane ɗigo, don haka 4K ya ninka nauyin 1080p sau huɗu a kan katin, amma da wuya ya ƙara wa furosesa wani aiki. Sauri kuma labarinsa daban ne. A monita mai 60Hz, furosesa yana da milisakan 16.7 ya shirya kowane firam, wato hoto ɗaya cikin 60 da ake nunawa a daƙiƙa. A mai 144Hz, milisakan 6.9 kawai yake da shi. Kenan neman firam da yawa furosesa yake wahalarwa, neman hoto mai kyau kuma kati.

Mai buga eFootball, EA Sports FC ko GTA V a monita 1080p mai 60Hz ba ya bukatar kati mai tsada ko kaɗan. Mai buga Valorant, Counter-Strike 2 ko Fortnite yana neman firam 200 zuwa sama, shi furosesa mai ƙarfi ya fi yi masa amfani. Mai son manyan wasanni irin su Cyberpunk 2077 a 1440p, kuɗinsa kati ya kamata ya tafi.

Kuskuren da aka fi yi a nan: a sayi kati na 1440p a haɗa shi da tsohuwar monitar ofis mai 60Hz. Katin zai zana firam 150, monitar ta nuna 60, sauran sun tafi a banza tare da wutar da suka ci.

Mataki na 2: Buɗe bidiyonka a MediaInfo

Wannan matakin ne masu tace bidiyo suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci gare su. Buɗe guntun bidiyon nan ka rubuta abubuwa huɗu: nau'in matsi, wato H.264 ko HEVC. Ko zurfin launinsa 8-bit ne ko 10-bit. Ko tsarin adana launinsa 4:2:0 ne ko 4:2:2. Sai kuma ko saurin firam ɗinsa tsayayye ne ko mai canjawa.

Ga dalilin. A cikin kati, da cikin wasu furosesoshi, akwai wani ɗan sashe na musamman da aikinsa kawai warware bidiyon da aka matse. Idan sashen ya san irin fayil ɗinka, bidiyo zai tafi sumul a kan layin tacewa. Idan bai san shi ba, aikin gaba ɗaya ya koma kan ƙwayoyin furosesa, wato sassan lissafin da ke cikinsa, sai ka ga hoto yana tsinkewa, ka danna tsayawa ya ɗauki daƙiƙa biyu kafin ya tsaya, katinka mai tsada kuwa yana zaune ba ya komai.

Bidiyon waya da na yawancin kyamarorin ɗaukar biki 4:2:0 ne, kuma kusan duk katin zamani yana iya shi. Matsalar tana ga 10-bit 4:2:2 da kyamarori irin su Sony A7 IV, A7S III, FX3 da Canon R5 suke iya ɗauka. Katunan RTX 30 da RTX 40 ba sa warware 4:2:2, haka RX 6000 da RX 7000 na AMD. Wanda yake iya HEVC 4:2:2 shi ne Quick Sync, wato sashen bidiyon da ke cikin girafik ɗin Intel, daga furosesoshin zubi na 11 zuwa sama. Sai a 2025 Nvidia ta saka wannan damar a jerin RTX 50, kuma su suna iya H.264 da HEVC duka. Saboda haka, idan HEVC 4:2:2 ka gani a takardarka, zaɓinka shi ne furosesan Intel mai girafik a cikinsa, katin Intel Arc, ko katin RTX 50; idan H.264 4:2:2 ne kuwa, sai RTX 50.

Idan babu halin ko ɗaya, a yi furoksi. Premiere Pro da DaVinci Resolve duk suna iya yin ƙaramin kwafi mai sauƙin karantawa, a ProRes Proxy ko DNxHR LB, ka yi tacewarka a kansa, lokacin fitarwa manhajar ta koma kan asalin fayil. Yana cin lokaci da wuri a faifai, amma da shi tsohuwar kwamfuta ma tana tace 4K. Bidiyon waya mai saurin firam mai canjawa kuma, wanda ke sa murya ta rabu da baki, a fara wuce da shi ta manhajar HandBrake a mayar da shi tsayayye. Babu katin da zai gyara wannan.

Mataki na 3: Zaɓi kati kafin furosesa

Ga mai gem, kusan kashi 40 cikin ɗari na kuɗin kwamfutar ya dace ya tafi kan kati. Ga mai Premiere Pro ko CapCut, ana iya rage shi a ƙara wa furosesa da RAM. Mai DaVinci Resolve kuma kada ya rage, domin gyaran launi da cire hayaniyar hoto a Resolve duk a kan kati suke gudana.

Fara da ma'adanar katin, wato VRAM. 8GB ya wadatar ga 1080p, ko da yake sababbin manyan wasanni sun fara cika shi. 12GB shi ne daidai ga 1440p da tace 4K. 16GB kuma na mai ɗora gyaran launi da yawa ne a kan 4K. Idan ma'adanar ta cika, wasa yana fara sarƙewa, Resolve kuma yakan tsayar da fitar da aiki da saƙon cewa ma'adanar kati ta cika.

A 1080p akwai RX 6600 mai 8GB da wat 132, RTX 4060 mai 8GB da wat 115, RTX 5060 mai 8GB da wat 145, sai RTX 3060 mai 12GB da wat 170. Ga mai haɗa gem da tacewa da kuɗi kaɗan, 3060 mai 12GB har yanzu zaɓi ne mai kyau, amma a lura: akwai 3060 mai 8GB da ya fito daga baya, hanyar ma'adanarsa 128-bit ce maimakon 192-bit, kuma ya fi rauni. Suna ɗaya ne a jikin kwali, sai ka karanta da kyau. A 1440p akwai RTX 4070 mai 12GB da wat 200, RTX 5070 mai 12GB da wat 250, RX 7800 XT mai 16GB da wat 263, da RTX 5060 Ti da RX 9060 XT, waɗanda kowannensu yana zuwa da 8GB ko 16GB. A waɗannan biyun, mai 16GB za ka ɗauka.

Tsakanin kamfanoni: AMD kan ba da firam da ma'adana fiye da Nvidia a farashi ɗaya, Nvidia kuma ta fi samun goyon bayan manhajojin tacewa da Blender saboda CUDA, fasahar da manhajoji ke sa katinta lissafi da ita, kuma NVENC ɗinta, wato sashen matse bidiyo, yana fitar da H.264 mai tsabta ga mai watsa wasa kai tsaye. Idan tacewa ce hanyar abincinka, Nvidia ta fi kwanciyar hankali. Intel Arc B580 mai 12GB yana da araha kuma ya ƙware a bidiyo, amma sai an kunna saitin Resizable BAR a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, yake aiki yadda ya kamata, don haka kada a ɗora shi a kan tsohon bod, wato babban allon da ake dasa duk kayan a kai.

Katuna biyu da mai tacewa zai guje musu ko da kyauta-kyauta ake sayarwa: RX 6500 XT da GT 1030. Dukkansu ba su da sashen matse bidiyo. Sannan yawan gigabait a jikin kati mai rauni ba ya nufin komai. GT 730 mai 4GB bai kama ƙafar GTX 1650 mai 4GB ba.

Mataki na 4: Furosesan da zai iya ciyar da katin

Karanta lambar, kada ka tsaya a i5 ko i7. A Core i5-12400, 12 ɗin farko shi ne zubin. A Ryzen 5 5600, 5 ɗin farkon lambar shi ne jerin. Windows 11 daga Intel zubi na 8 da Ryzen 2000 take farawa, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka duk abin da ya gaza haka a bar shi.

Harafin ƙarshe ma yana da magana. F a Intel yana nufin babu girafik a ciki, kenan babu Quick Sync. Mai gem zalla zai iya ɗaukar i5-12400F ya rage kuɗi, mai tacewa kuwa ya ƙara ɗan abin da ya rage ya ɗauki 12400 mara F. K yana nufin ana iya ƙara masa gudu, kuma yana cin wuta sosai. G a Ryzen yana nufin akwai girafik mai ɗan ƙarfi a ciki. X3D kuma yana nufin an ɗora masa ƙarin ma'adanar kusa. Ryzen 7 7800X3D yana da 96MB, kuma wannan ne yake sa shi da 9800X3D suke gaba a wasanni. A fitar da bidiyo kuwa wannan ma'adanar ba ta ƙara wani abin kirki, yawan ƙwayoyi ne ke aiki.

Ƙwaya shida ta isa gem da tace 1080p: Ryzen 5 5600, Ryzen 5 7600 ko i5-12400. Ga 4K da kyamarori biyu ko uku a layi ɗaya, nemi takwas zuwa sama: Ryzen 7 5700X, i5-13600K mai ƙwaya 14, Core Ultra 7 265K mai 20, ko Ryzen 9 7900 mai 12. Haɗin da ya daidaita shi ne irin 5600 da RX 6600 ko RTX 4060, 7600 da RTX 4070 ko RX 7800 XT, 13600K da RTX 3060 ko 5060 Ti ga mai tacewa. Ɗora RTX 4070 a kan i5 zubi na 4 kamar ɗaura wa ingarman doki amalanken jaki ne.

Gargaɗi kan Intel zubi na 13 da 14, musamman i7 da i9: an samu matsalar wutar da ta yi musu yawa tana lalata su a hankali, har wasanni su riƙa rufewa da kansu. Intel ta fitar da gyara a 2024, lambar 0x12B a watan Satumba, ta kuma ƙara garantin shekara biyu. Gyaran yana hana lalacewa, ba ya dawo da wanda ya riga ya lalace. Sabo za ka iya saya ka sabunta BIOS a ranar farko. Na hannu kuwa, 13900K ko 14900K da ba ka san tarihinsa ba, ka bar wa mai shi.

Mataki na 5: Bod da RAM

Soket, wato gurbin da furosesa yake zama a kan bod, dole ya dace. Ryzen 5000 na AM4 ne da DDR4. Ryzen 7000 da 9000 na AM5 ne, DDR5 kawai. Intel zubi na 12 zuwa 14 na LGA1700 ne, bod ɗin ne yake tantance DDR4 ko DDR5. Core Ultra 200 na LGA1851 ne da DDR5. Ko soket ya dace, tsohon bod B450 na iya ƙin tashi da Ryzen 5000, B660 kuma da zubi na 13, sai an sabunta BIOS. Sa mai shago ya tayar da su tare a gabanka. Kada kuma a ɗora i7 a kan bod H610 mai arha, sashen wutarsa zai yi zafi ya rage wa furosesa gudu.

RAM a saye ta biyu-biyu: 8GB biyu ga gem, 16GB biyu ga 4K. Guda ɗaya tilo tana raba hanyar bayanai biyu. A bod mai ramuka huɗu, yawanci rami na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sakawa.

Mataki na 6: Lissafin wuta da zafi

Ryzen 5 7600 yana kai wa wat 88, RTX 4070 yana cin 200, sauran kaya a ba su 70. Jimla kusan 360, kuma Nvidia 650 take ba da shawara ga wannan katin. Wannan tazarar ita ake so. Sayi fawa safulai na kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai shaidar 80 Plus Bronze zuwa sama. Wanda yake zuwa kyauta a cikin kes mai arha, an rubuta 500W a jikinsa amma ka ɗaga shi ka ji shi sakayau, kada ya kusanci katinka. Idan ya ƙone yakan tafi da bod da kati.

Ga mai aiki da inbata, wat kuɗi ne. Batir 12V 200Ah yana ɗauke da kusan wat-awa 2,400, kuma irin na ruwa rabin kawai ya kamata a ja don ya yi ƙarko. Kwamfuta da monita masu cin wat 300 za su yi ƙasa da awa huɗu a kansa, masu cin 500 kuwa awa biyu da ɗan kai. Shi ya sa RTX 4060 da Ryzen mai wat 65 suka fi dacewa da ɗakin da wuta ba ta zama, fiye da i7-14700K da shi kaɗai yana iya jan wat 253. Inbata ta kasance mai fitar da wuta tsantsa irin ta gidan wuta, domin fawa safulai na zamani ba ya jituwa da mai arha. Ƙaramin UPS mai 650VA kuma wat ɗari uku da wani abu kawai yake ɗauka. Ana ɗauke wuta a tsakiyar wasa zai yi ƙara ya mutu. Nemi 1500VA.

Zafi ma haka. Gwaje-gwajen da kake gani a intanet a ɗaki mai sanyi ake yin su. A Kano, Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ɗaki mara na'urar sanyaya yana kusantar digiri 40, kuma duk digirin da ya ƙaru a ɗaki yana ƙaruwa a kan furosesa. Sayi fankar furosesa mai dogon hasumiya ko da akwai ƙarama a cikin kwali, kes kuma mai raga a gaba da matatar ƙura, a riƙa wanke ta kowane mako biyu a lokacin hunturu. Auna tsawon kati da tsayin fanka kafin saye. Kati mai fanka uku yakan wuce santimita 30.

Mataki na 7: Gwaji kafin biyan kuɗi

Ko a Computer Village na Ikeja kake, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano, kayan hannu ba a biyan kuɗinsa sai an gan shi yana aiki. Haska tocila a bayan kati: fatar bod da ta yi launin ƙasa-ƙasa kusa da ƙwayoyin ma'adana, tsatsa a kan sukurori, ko maiƙo da ke tsatsowa, alamun doguwar wahala ne, irin ta katunan da aka haƙi kirifto da su. Juya kowace fanka da yatsa, ta juya ba gurnani ba rawa.

Buɗe GPU-Z ka gwada abin da ya nuna da bayanan kamfani. Yana rubuta FAKE a gaban sunan wasu jabun katunan Nvidia. RX 580 na gaskiya yana da sassan lissafi 2304; idan 2048 ka gani, ƙarfinsa na RX 570 ne, kuma kasuwa cike take da shi. Tabbatar direban kamfanin, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin, ya hau ba gardama. Sai a kunna FurMark minti 15, HWiNFO64 yana buɗe. Zafin kati ya tsaya ƙasa da digiri 85, tazara tsakaninsa da wuri mafi zafi kada ta wuce 20 zuwa 25, in ta wuce man ya bushe. Ɗigo masu launi, layuka ko baƙin allo na daƙiƙa ɗaya, mayar masa da kayansa. Gwada kowace kafar HDMI da DisplayPort. Furosesa kuma a duba sunansa a CPU-Z, a yi masa Cinebench minti 10. Na AM4 a duba ƙafafunsa ko akwai lanƙwasasshe, na Intel da AM5 kuwa ƙafafun suna cikin soket ɗin bod. A rubuta lambar jikin kayan da kwanakin garanti a rasit.

Mataki na 8: Bayan an haɗa

Igiyar monita a jikin kati take shiga, ba a bayan bod ba. Shiga BIOS ka kunna XMP ko EXPO, wato saitin gudun RAM, in ba haka ba RAM ɗinka ƙasa da gudunta za ta riƙa tafiya. Kunna Resizable BAR. Mai Intel ya kunna girafik ɗin cikin furosesa, domin wasu bod suna kashe shi da zarar sun ga kati, Quick Sync kuma ya ɓace. Idan kafar wutar katin mai fil 16 ce, tura igiyar har sai ta yi ƙas, babu tazara ko kaɗan, domin rashin shigarta sosai yana narkar da ita. Idan daga AMD ka koma Nvidia ko akasin haka, goge tsohon direba da manhajar DDU.

Sai ka kunna wasa da MSI Afterburner, ka cire iyakar firam. Kati yana aiki kashi 97 zuwa 99, komai daidai. Yana yawo a 60 ko 70, furosesa ko RAM ne ke riƙe shi. Don tabbatarwa, rage girman hoto zuwa 720p: idan firam bai ƙaru ba, sabon kati ba zai amfane ka ba.

Idan kuɗi bai kai ba

Hanya ta farko ita ce Ryzen 5 5600G ba tare da kati ba. Yana buga eFootball da GTA V a saiti mai sauƙi, yana tace 1080p, sai a ƙara kati daga baya, amma a sayi fawa safulai mai kyau tun yanzu, RAM kuma lallai biyu. Ta biyu ita ce kwamfutar ofis ta hannu, Dell OptiPlex ko HP ProDesk mai i5-8500 zuwa sama. Fawa safulai ɗinsu ƙarami ne, yawanci ba shi da igiyar kati, kuma kafofinsa na kamfanin ne, ba a canja shi da na kasuwa cikin sauƙi. Sai a nemi katin da wutar rami kaɗai take isarsa, wato wat 75 zuwa ƙasa: GTX 1650 mara kafar wuta ko RTX 3050 mai 6GB. Idan kes ɗin siriri ne, katin ma gajere za a nema, tare da gajeren ƙarfensa na baya. Kafin saye, buɗe murfin ka karanta wat ɗin da aka rubuta a jikin fawa safulai ɗin. Mai 180 ba zai ɗauki kati ba, nemi mai 240 zuwa sama, kuma doguwar kes ta fi siririya samun iska.